Kada a Sake Ɗora wa Rabi Tukunyar Jego

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Takarda ta fito daga hannun mahaifinka Garba, a Tsiga, zuwa ga Magaji, sabon malamin gona na Danja. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina fata kun sauka lafiya, kai da matarka Rabi da jaririyarku, amaryata Uwani, da Goggonka Kande. Ina fata lorin bai jijjiga mai jiki ƙwarai ba. Allah Ya sa kun shiga gidan da ƙafar dama, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, Ya tsare ku daga abin ƙi.

Bayan haka, kada ka yi mamakin ganin takarda daga mutumin da ba ku daɗe da rabuwa da shi ba. Yanzu haka da nake rubutun nan ina zaune a zaure, ina jin muryarka a tsakar gida kana ɗaure kaya. Taku goma ne tsakaninmu. Amma kai ɗan fari ne. Shekara ashirin da shida ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba, kuma abin da nake so in faɗa maka bakina ba zai ɗauka ba. Allah Ya saka wa malaminmu na yaƙi da jahilci da alheri, wanda ya zaunar da mu da furfurarmu a kan bencin yara bayan la'asar har muka iya haɗa baƙi. Takarda ba ta jin kunya. Zan cusa ta a bakin buhun dawar da na ɗaure muku, inda dole ka gan ta ranar da kuka sauka. In ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka, hannun ya fi sabawa da ƙotar fartanya.

Da farko ka taya ni godiya ga Allah, don ni kaɗai ba zan iya ba. Tun ranar Talata da aka sallamo Rabi daga asibiti, na ga ta sauko daga mota da ƙafarta ba a riƙe ta ba, bakina bai rufu ba. Liman ya tambaye ni bayan azahar ko an yi mini albishir da zuwa Makka ne. Na ce masa abin da na samu ya kusa haka. Ita kuwa amaryata, jiya da aka miƙo mini ita sai ta damƙi gemuna ta ƙi saki. Na ce to, an fara mulki tun ba a kai lefe ba. Ka sa mata sunan mahaifiyarka Hajara ba tare da na roƙe ka ba. Ranar suna ban ce komai ba, na tashi na zaga bayan rumbu kamar mai duba gara. Yau na ce maka Allah Ya yi maka albarka.

Akwai wata godiyar da ta fi wannan nauyi. A garinmu uba ba ya gode wa ɗa, amma ni zan yi. Ranar da Rabi ta cika kwana ashirin da takwas da haihuwa, ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, ka zo ka durƙusa a gabana ka ce za ka kai ta asibiti. Na ce a dakata. Na ce jego aikin mata ne, kuma asibiti sai wanda aka fid da rai gare shi. Ba ka yi mini musu ba. Ka tashi ka tafi wurin abokina Nomau, Bamagujen da gonarsa ke iyaka da tamu, ya ɗaura shanunsa a amalanke, kuka shimfiɗa mata tabarma kuka kai ta bakin hanya, lorin da ke zuwa Funtuwa ya ɗauke ku. Wannan ne karo na farko da ka ƙetare maganata. Na yi fushi kwana biyu. Yau ina gode wa Allah da bai sa ka ji maganata ba.

Ranar sallama ina wurin, kai ma kana wurin. Likitan Bature ne, nas ɗin da ke yi mana tafinta kuwa 'yar kudancin Zariya ce, Hausa a bakinta kamar ta Bakori. Ka ji abin da suka ce. Zuciyar Rabi ce ta gaji, ta kasa tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru mata a ƙafa da ƙirji. Suka ce kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, tafasasshen ruwa da gadon wuta kuwa suna ɗora wa zuciya kayan da ya fi ƙarfinta. Suka ce ta warke, amma ba ta gama warkewa ba, kuma in aka koma wa wanka da kunun kanwa ciwon zai dawo, wataƙila ya fi na farko. Kai kana sauraro kana rubutawa a bayan kati. Ni kuwa na nemi benci na zauna. Ka zaci gajiyar hanya ce. Ba ita ba ce. Abin da nas ɗin ke lissafawa ɗaya bayan ɗaya, kumburi da haki da tari da kasa kwanciya, na taɓa ganinsa duka da idona. Mahaifiyarka na gani.

An gaya maka ta rasu kana wata biyu, kwananta ne ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai wuce ajalinsa. Amma ga sauran labarin.

Lokacin da take da cikinka ƙarfi ya yi mini yawa, hankali bai iso ba. Tun ciki yana wata biyar na fara tara itacen jego. A wancan zamani, har yanzu ma, da haka ake gane mijin da ke son matarsa: tsayin itacen da ya jibge a bayan ɗaki. Ni ban ɗebo kara ko ƙirare ba. Marke da ƙirya na riƙa sarowa daga dajin da ke bayan gonar su Nomau, masu wutar da ba ta mutuwa da wuri. Mata in sun zo wucewa sai su tsaya su ce Hajara ta yi dacen miji. Ina jin su, kaina yana ƙara girma.

Da aka haife ka, cikin tsananin bazara, aka ɗora tukunya. Safe da yamma a tafasa ruwa har yana tsalle, a tsoma ganyen runhu a fyaɗa mata a jiki. Ta fito ta sha kunun kanwa mai kauri, ta hau gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa. Wajen mako na huɗu ƙafafunta suka fara hawa. Ungozoma da Goggonka, wadda take yayata uwa ɗaya uba ɗaya, suka duba suka ce sanyi ne ya shige ta, wankan bai ratsa ba. Maganin sanyi kuwa zafi. Ni na tafi kasuwar Bakori na zaɓo jar kanwa mai kyau. Ni na ƙaro itace. Kullum tana ƙara kumbura muna ƙara wuta, muna ganin gata muke yi mata. Ta cika arba'in ba ta tsallake ko wanka ɗaya ba, aka ƙara mata wasu kwanaki. A cikin ƙarin ta tafi.

Saboda haka maganata ta farko, kada a sake ɗora wa Rabi tukunyar jego. Ko kwana ɗaya, ko da sunan gwaji. Ruwan wankanta ya zama mai ɗumi, wanda kai za ka iya tsoma gwiwar hannunka ka bar ta a ciki. In gidan da hukumar En'e ta ba ku yana da gadon ƙasa mai ramin wuta, ka cike ramin da ƙasa tun ranar farko. Kanwa kuwa kada ta shiga gidan. Ka lura, ba a kunu kaɗai take ɓuya ba. Mata suna jefa ta a wake don ya yi saurin nuna, suna sa ta a miyar kuka da ta kuɓewa. Gishiri ma a rage shi ƙwarai, kuma ka san hannun Goggo da gishiri. Za a ce maka in ba kunun kanwa nono ba zai zo ba. Ka nuna musu kumatun Uwani. Wata guda uwarta ta yi a asibiti ba ta ga kanwa ba, kunun gero da na gyaɗa kawai, yarinyar kuwa har ta yi wa Goggo nauyi a baya. Abu ɗaya zan ƙara, ka ci irin abincin da take ci. In ana yi maka miya mai daɗi daban ita ana ba ta lami, za ta ga kamar horo ake yi mata. Lamin wata uku bai taɓa kashe namiji ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ci mini rai, don na farko rashin sani ne, wannan kuwa kunya ce. Duk kwanakin nan na jegon mahaifiyarka ban shiga ɗakinta ya fi sau uku ba. Haihuwar fari ce, iyayena suna gidan, ina jin nauyin a ga ina rawar ƙafa a kan mace da jariri. Ina jin tarinta ta bayan zana ina gyaran ƙota, sai in ce wa kaina ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wata safiya na saɓa fartanya zan fita, sai na gan ta zaune a bakin ƙofa ta jingina da bango, don a lokacin ba ta iya kwanciya. Ta kira ni a hankali. Ta ce, "Maigida, wutar nan ta yi mini yawa." Kafin in dube ta sai da na waiga in ga ko mahaifiyata tana kallonmu. Na ce, "Ki yi haƙuri, saura kwana kaɗan." Na wuce gona. Ita da take cikin jikin ta san abin da ke cinta, ta kuma faɗa wa wanda ya kamata ta faɗa wa. Ba ta sake faɗa ba.

Kai kada ka yi haka. Kunya ado ce, na yarda, amma ba a ɗakin majinyaci ba. Ka shiga wurin matarka safe da yamma, ko Goggo tana zaune ko ba ta nan. Ka dube ta da kyau. Ka yi abin da nas ta nuna maka: ka danna ƙwaurinta da babban yatsa, in ramin ya tsaya bai ciko ba, ruwa ya fara dawowa. Ka lura ko tana haki in ta taka daga ɗaki zuwa madafa, ko tana tari in ta kwanta. Ka tada mata kai da matashi biyu. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka nemi shawarar kowa, har ni, ka nemi mota. In ka tambaye ta jiki za ta ce da sauƙi. Mutumin ƙasarmu ko yana gargara haka zai ce. Kada ka tashi a kan amsar farko. Ka zauna, ka ɗauki 'yarka ka yi mata wasa, ka sake tambaya. Amsa ta biyu ita ce ta gaskiya. Ita ma yarinyar ka riƙa ɗaukarta a gaban mutane. Ni ban ɗauke ka ba, ban ga abin da hakan ya ƙara mini ba.

Yanzu bari in ba ka wanda za ka yi dariya. Shekara uku da suka wuce, kana makarantar aikin gona, aka yi mini aikin gwaiwa. An rubuta maka cewa na daɗe a kwance, ba a gaya maka dalili ba. Da aka sallame ni an ba ni ƙwayoyi a kwalba, an ce in sha har su ƙare. Na dawo gida zaure ya cika da 'yan dubiya. Nomau ya zo da kaza da ƙoƙon zuma, yana zama ya ce wash, bayansa. Mutum ya kawo maka kaza, kai kana da maganin Bature a ƙarƙashin tabarma, ka hana shi? Na ba shi biyu. Wani mahauci ya ce gwiwarsa, na ba shi. Ladan ya ce haƙori. Kafin kwana huɗu kwalba ta zama wayam. Bayan mako biyu na ji ƙarfi-ƙarfi, na ce bari in leƙa masu noman gyaɗa. Na tarar suna barin ciyawa a gindin shuka, na karɓi fartanya in nuna musu yadda ake yi. Kunyar gyaɗa ɗaya na kai ƙarshenta, ɗinki ya buɗe, wurin ya yi ruwa. Daminar nan duka a kwance na yi ta. Nomau ya dawo dubiya ta biyu ya ce ƙwayar tawa ta yi wa bayansa aiki sosai, ni ne dai ba ta karɓe ni ba.

To, ƙwayoyin Rabi na Rabi ne. Ka kulle su a akwatinka na ƙarfe, ka ba ta da hannunka kowace safiya kafin ka hau keke, ka tsaya ta haɗiye. In ta ji sauƙi za ta ce a bari haka, kada ka bari. Ranar komawa asibiti tana rubuce a kati, ka sanar da shugabanka tun da wuri. Ko an yi ruwan shuka a ranar, ko manoman Danja duka suna jiranka da tambayar iri, ku tafi. 'Yan dubiya za su zo, kowa da maganinsa: wannan saiwa, wancan jiƙo, wata ta ce ai 'yar wanta haka ta yi, turare kaza aka yi mata ta miƙe. Kada ka yi gardama da kowa, alheri ne ya kawo su. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka ajiye a inda ba zai isa bakinta ba. Addu'a kuwa ko ta wane ne ku shafa. In sun daɗe ka fito da su zaure ka ci gaba da hirar a can, ita ta kwanta.

Aiki kuma. Rabi ba ragguwa ba ce, kuma baƙuwa ce a Danja, za ta so maƙwabta su san haka. Ranar da ta ji ƙarfi za ta ɗauki taɓarya, ko ta nufi rijiya da guga. Ƙarfin farko na mai jinya maƙaryaci ne, ni shaida ne. Ka ja ruwa da kanka kafin ka fita. Hatsi a kai inji in akwai, in babu a ba masu surfe. Za a gan ka da guga a ce malamin gona ya zama mijin-ta-ce. Su faɗa. Ni an yabe ni a garin nan, yabon bai hana ni rainon maraya ba.

Sai maganar Goggonka, kuma a nan ka taka a hankali. Matar nan ita ta ɗauke ka kana wata biyu. Ita ta zaga gari da kai a baya tana neman mai shayarwa, ita ta tatsi akuya ta ɗura maka da ludayi ranar da ba a samu ba. Nata 'ya'yan babu wanda ya rayu. Da Rabi ta zo haihuwa, kasancewar mahaifiyarta ta rasu ba ta da gidan zuwa wanka, Goggo ta karɓi jegon da murna kamar an ba ta sarauta. Abin da ta yi wa mahaifiyarka da abin da ta yi wa matarka duk ƙauna ce. Tun da aka tafi asibiti ko goro ba ta ci sosai.

Shekaranjiya da hantsi na same ta a ɗakinta tana kaɗi. Na gaya mata abin da likita ya ce, na ce ban zo ɗora mata laifi ba, don in ita ta riƙe ganye ni na saro itace. Ta ajiye mazari ta ce, "Garba, da wankan nan aka haife mu ni da kai. Mata nawa na yi wa a garin nan suka tashi garau?" Gaskiya ta faɗa. Abin da na iya ce mata shi ne, ƙasar da ta karɓi rake ba lalle ta karɓi gero ba. Wata zuciyar tana ɗauka, wata ba ta ɗauka, ta Hajara ba ta ɗauka ba, ta Rabi kuma ta riga ta nuna mana. Ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi. Daga baya ta tambaye ni, in babu wanka babu kunu, me za ta je yi Danja. A nan na gane abin da ke damunta. Tana ganin an ce hannunta ba shi da sauran amfani.

Don haka ka ba hannunta aiki. Wankan jaririya nata ne, goyo nata ne, girki nata ne ban da gishiri. Ka riƙa tambayarta shawara a kan abin da bai shafi ciwon ba, ko ka san amsar. Kada ka taɓa ce mata ita ta jawo, kada ka ce mata zamani ya wuce ta. Ta amsa mini da baki cewa ta bari. Amma ɗazu na ga babbar tukunyarta a cikin kayanku, an naɗe ta da tsumma. Na tambaya ta ce ta ajiyar ruwa ce. To, ka riƙe ta a kan maganarta. Kuna sauka ka sa tukunyar a inuwa, ka binne gindinta a yashi, ka cika ta da ruwan sha, ka ɗora mata faifai da moɗa. Ka yaba sanyin ruwan a gabanta. Tukunyar da ta zama randa ba ta komawa murhu. In duk da haka ta matsa, kada ka yi sa-in-sa da ita, ka ce Baba ne ya hana. Ta saba faɗa da ni tun muna yara, ƙarin ɗaya ba zai kashe mu ba.

Jiya na tsaya a nan, ina ganin na gama. Yau da safe abin da ya fi duka ya same ni, dole na sake fiƙe fensir.

Ka tafi neman direban lori, sai Rabi ta zo yi mini sallama. Ta durƙusa daga bayan ƙofar zaure, ta gaishe ni, na sa mata albarka. Ba ta tashi ba. Na tambaya ko akwai magana. Murya ƙasa-ƙasa ta ce tana neman izini. Ta ce ta ƙirga, kwana ashirin da takwas ta yi, saura goma sha biyu. In ta ƙara jin ƙarfi tana so a bar ta ta cika, ko da ruwan bai kai na da zafi ba. Na tambaye ta dalili, bayan ta ji abin da likita ya ce da kunnenta. Ta ce tun da ta dawo matan da ke zuwa dubiya suke faɗa mata, wasu da tausayi wasu da dariya, cewa macen da ba ta cika arba'in ba ɗanya ce har abada. Jikinta ba zai koma ba, za ta riƙa ƙarni, mijinta zai gaji ya juya mata baya. Ta ce a Danja ma tambayar farko da mata za su yi ke nan.

Ka gani, ni ina tsaron Goggo da 'yan dubiya, ashe mai jikin ce da kanta za ta ɗora tukunyar. Kai kana can ƙauyuka a kan keke tun safe har yamma. In ta roƙi Goggo da hawaye, Goggo ba za ta iya hana ta ba.

Na ajiye kunyar suruki a gefe. Na ba ta labarin da na ba ka a sama, har maganar bakin ƙofa, abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ta yi kuka. Da ta natsa ta ce, "Baba, in aka yi mini gori fa?"

Na ce, "Mai rai ake yi wa gori, Rabi. Uwar mijinki ta cika arba'in cif, babu macen da ta taɓa yi mata gori a garin nan. Ɗanta bai san kamanninta ba."

Ta ce ta ji, ta yi alkawari. Na yarda da ita. Amma "na ji" ɗin da aka faɗa wa suruki a bakin zaure ba shi ne zai riƙe ta ba ranar da wata ta toshe hanci a gabanta a gidan suna. Na lura da maganarta sosai. Ba ciwon take tsoro ba, ba ma matan ba. Kai take tsoro. Tana tsoron wata rana ka dube ta ka ga ɗanya. Wannan ni ba ni da maganinsa, likita ma ba shi da shi a kwalba. Yana bakinka.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, kuma shi ne dalilin takardar nan duka. Kada ka jira ta tambaya, don ba za ta tambaya ba. Kada ka ce ai ta sani. Cikin kwanakin nan na farko, da rana tsaka, Goggo tana zaune tana ji, ka kira ta da sunanta ka gaya mata cewa kai ne ka hana wankan, kai ne mijin, kuma a haka kake son ta, da kwana ashirin da takwas ɗinta. Ka ce duk wadda ke da magana ta zo ta same ka. Zai yi maka nauyi, na sani, jinina ne a jikinka. Za ka ji kana so ka waiga ka ga wa ke kallo. Kada ka waiga. Ka faɗa, bayan mako ka sake faɗa, har ranar da ka ga ta yi dariya ta ce ka ishe ta.

Allah Ya ba ka bakin faɗa, Ya ba ta zuciyar yarda. Allah Ya cika wa Rabi lafiyarta, Ya bar ta ta yaye 'yarta da hannunta, ta aurar da ita da hannunta. Allah Ya raya Uwani cikin Musulunci. Allah Ya saka wa Goggo, Ya sanyaya mata rai. Allah Ya saka wa likita da nas da duk wanda ya ɗauki ko moɗar ruwa ya miƙa wa yarinyar nan. Allah Ya jiƙan Hajara, Ya yafe mini. Kai kuma Allah Ya tsare ka a hanya da gona da wurin aiki, Ya sa manoman Danja su amfana da kai, Ya kare ka daga sharrin baki da na ido.

Liman yana gaishe ka. Nomau ya ce a gaya wa Rabi shanunsa sun gaji, kada ta sake ba su aiki. Mutanen gida duk suna gaisuwa.

Wassalam. Ni ne mahaifinka mai sa maka albarka,
Garba.